Ƙwayar Gyaran Amarya

"Ki fita mana, Maijidda, yaron nan tun la'asar yake tsaye a zaure," in ji Iya Murja, ƙanwar mahaifiyata.

Na juya mata baya. Da wace muryar zan fita?

Ita ce fa ta jawo. Da aka sa ranar aurenmu da Bilya, ta ce ba za ta kai amarya kamar sillen kara gidan mutane a ce ba ma ci ba. Ta je kasuwar Maigatari ta sayo wasu ƙwayoyi da aka tsallako iyaka da su, wai maganin ƙiba. Kullum ta jefa min a kunu, ni kuma sakarya ina sha har da godiya.

Jiki kam na yi, amma irin na ɗan dambe. Ƙuraje suka feso min, gashi ya tsiro a haɓata, al'adata ta ɗauke, ga baƙar zuciya ba dalili. Sannan muryata ta faɗa rijiya. Likita a Gumel ya ce sinadarin maza ne na bature, in daina yanzu. Sauran za su lafa, amma murya da wuya ta dawo. Wallahi ranar na ji kamar in shaƙe Iya, ita kuwa sai cewa take alheri ta nufa.

Tun daga nan nake ɓoye wa Bilya, ina tsoron ya ji ni ya fasa. Amma ɓuya ta ishe ni. Na ja mayafi na fita, na yi sallama.

Ya amsa yana leƙen bayana, yana neman namijin da ya yi magana.

"Ni ce, Bilya..."

Na kwashe komai na faɗa masa, na ce in zai karɓi kayansa ba zan ga laifinsa ba. Har na fara juyawa, sai ya kira ni.

"Maijiddata... abin yana miki ciwo?"

Duk gidanmu ba wanda ya taɓa tambayata haka. Na girgiza kai, hawaye na zuba. Ya ce to ranar tana nan, wanda zai yi magana ya same shi a garinsu Gagarawa.

Ranar da aka kai ni, na yi kukan amarya kamar kowa, amma na toshe bakina da mayafi, don kada 'yan rakiya su yi dariya.