Gidan Ƙarshen Layi

Ranar da suka cika kwana tara a sabon gida, matar mai walda tana tsugune a tsakar gida tana wanke shinkafa, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, sai dutse ya faɗo cikin robar ruwan da ke gabanta. Ba babba ba ne, bai kai ƙwan kaza ba. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ta ce, "Yaran layin nan sai addu'a." Ta sa hannu za ta cire shi, ta janye da sauri. Dutsen da zafi, kamar yanzu aka zaro shi daga murhu.

Na biyu ya sauka kan kwanon rufi. Na uku kuwa ba daga sama ya zo ba. Ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya ya gangaro, ɗakin da suka tara tarkace suka sa wa kwaɗo, ya taho a hankali har ya tsaya daidai yatsun ƙafarta.

Wata goma sha ɗaya mijinta ya yi yana neman gidan nan. Shekara ashirin suna haya a ɗaki biyu, har mai gidan ya sayar wa masu gina shaguna, aka ba su wa'adi. Duk ranar hutu mai walda yakan wanke hannu, ya sa rigarsa ta fita, ya bi dillalai. An kai shi unguwar da ambaliya ta bar zane a bango har tsayin taga. An kai shi wata mai shinge da fitilu, inda mai gadi ya dubi tabon wuta a hannunsa ya tambaye shi ƙofar wa ya zo gyarawa. An kai shi wata da sai ya hau mota uku kafin ya isa wurin aiki. Shi ba abu mai yawa yake nema ba: unguwar mutane irinsa, masu fita da sassafe su dawo da yamma jiki duk ƙura, inda akwai famfo, akwai makarantar da autarsu za ta je da ƙafa, kuma ba wanda zai yi tsaki don an kunna injin yankan ƙarfe.

A bayan tashar manyan motoci ya samu. Layi ne na direbobi da magina da matan da ke aiki a masana'antar sabulu. Gidan shi ne na ƙarshe, ɗaki uku, kuɗinsa ƙasa da yadda ya zata. Da ya tambayi dalili, dillali ya ce magada ne ke gaggawa. Ya sayar da babur ɗinsa, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, suka haɗa da abin da suka jima suna tarawa. Ranar da aka miƙa masa makulli, sai shafa bango yake ta yi.

Daga wannan yammaci jifa bai sake fashi ba. Da rana gidan lafiya lau. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida, tsuntsaye suka yi shiru, sai a fara. Daga baya aka ƙara da muryoyi a ɗakin baya, ƙasa-ƙasa, kamar iyali suna shawara. Mai walda ya buɗe ɗakin sau uku, ba komai sai tsofaffin katifu da gwangwanayen fenti.

Ya je ya sami maƙwabcinsa, direban babbar mota. Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa.

"Ku ne na huɗu," ya ce. "Na gabanku ko wata ba su yi ba."

"Kuna gani na sauke kaya, ba wanda ya buɗe baki?"

"Mun ga ka riga ka biya. Me za mu ce maka?"

Ya nemi dillali, waya a kashe. Ya koma tsohon gidan hayarsu, ya tarar an rushe shi, ana haƙa harsashi. Ya daɗe a tsaye a bakin ramin. Da ya dawo matarsa ta ce, "Baban Auta, mu tafi. Ko ina ne." Ya ce, "Ina? Faɗa min wuri ɗaya, yanzu in ɗauki katifa."

A kwana na ashirin abin ya koma kan Auta. Yarinya ce 'yar shekara sha shida, mai yawan dariya. Ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka, ta je ta zauna a ƙofar ɗakin baya ta jingina da ita. Uwarta ta kira ta sau biyu. Da ta juyo, fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne. Ta daina ci. Ta daina amsa sunanta. Asibiti suka auna jini, suka ce ba su ga komai ba. Kwana biyar tana ramewa a gabansu, kullum yamma sai ta koma bakin ƙofar nan, ko maza biyu ba sa iya ɗaga ta.

Matar direba ce ta kawo musu wani malami. Tsoho ne siriri, ya yi shekaru yana gadin masana'antar sabulu kafin idonsa ya raunana, kuma duk layin sun san ya yi karatu mai zurfi. Ya zo bayan la'asar da sandarsa, ya nemi tabarma da kofin ruwa, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar. Ya ce wa iyayen, "Duk abin da kuka ji, kada ku amsa. Ni zan yi magana."

Ya fara karatu, murya ba ƙarfi, ba gaggawa. Inuwa ta ci rabin tsakar gida. Duwatsu suka fara sauka kewaye da tabarmarsa, ko ɗaya bai taɓa shi ba. Can Auta ta dafe kunnuwa, ta buɗe baki, muryar da ta fito ta wani dattijo ce, a dishe, a gajiye.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me kake yi a jikin 'yar mutane?"

"Mu muka riga su. Shekara bakwai muna ɗakin nan."

"Kafin nan fa?"

Muryar ta ce, "A tafki muke, inda tashar motocinku take yanzu. Kuka cike shi. Muka koma wata tsohuwar rijiya, kuka toshe ta da siminti. Na zaga garin nan kaf da iyalina. Ko'ina fitilu ne da ba sa mutuwa, inda babu su kuma akwai aljanu 'yan uwanmu da suka fi ni ƙarfi. Ina da mata da 'ya'ya shida, ƙaramin bai fara tafiya ba. Nan kaɗai na samu."

Mai walda ya zauna a ƙasa.

"Wahalarka ba ta halatta maka zalunci ba," in ji malam. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

"A bar mana ɗakin baya. Su riƙe sauran."

"Ba za ku zauna inuwa ɗaya ba. Ka riga ka nuna halinka."

"To su riƙe gidan duka. Ni in riƙe ta."

Mai walda ya zabura. "Ka ɗauke ni! Ka ɗauke ni ka bar—"

Malam ya buga sanda a ƙasa. "Na ce kada ka amsa! Ba a yi musu tayi." Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya sandare, ta yi ƙara har matan layi suka taru a ƙofa, uwarta ta cusa mayafi a baki tana kuka. Sai da muryar ta koma roƙo sannan ya sassauta.

"Bayan layin dogo akwai tsohon wurin fasa dutse," ya ce. "An bar shi, ruwa ya taru, ba ɗan Adam da ke kwana can. Ka kai iyalinka."

"Ba ni kwana arba'in."

"Uku. Kuma ita yanzu za ka sake ta."

Ladan ya fara kiran magariba a masallacin tasha.

"Uku," in ji muryar. "Amma su fita su ba mu wuri. Kada kowa ya leƙo. Matata ba ta son a ga kayanta."

Malam ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce su duka. Ya rantse. Auta ta yi atishawa sau uku, kanta ya langaɓe. Da ta buɗe ido ta dubi uwarta ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji."

Layin ne ya ɗauke su. Matar direba ta shimfiɗa wa uwa da 'ya a ɗakinta, wani magini ya ba mai walda benci a zaurensa, mata suka riƙa aiko da kwanuka ba tare da an tambaye su ba. Kowa yana kauce wa idon mai walda, kowa kuma yana kawo abin da yake da shi.

Da yammacin kwana na uku suna zaune a tsakar gidan direba, katanga ɗaya tsakaninsu da gidansu. Sai suka ji an buɗe ƙofar ɗakin baya. Suka ji ana jan kaya masu nauyi a ƙasa, ana ɗaurewa, ana kiran yara ƙasa-ƙasa. Jariri ya fashe da kuka, wata murya ta mace tana rarrashinsa. Sawaye suka ratsa tsakar gida, suka nufi wajen layin dogo, kukan yana nisa har ya ɓace.

Ba wanda ya motsa. Auta ta yi barci da kanta a cinyar uwarta. Uwar ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce a hankali, "Allah ya ba su wurin zama."

Mai walda ya dubi ƙasusuwan wuyan 'yarsa da suka fito. Sannan ya ce, "Amin."