Naɗin Waya Dubu Tara

"Wannan na wane ne?"

Fiddausi ta daskare a ƙofar shago. A tafin hannun mahaifinta ga abin da ta kwana huɗu tana ɓoyewa: maganaɗisu ɗan dogo, an naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi.

"Baba..."

"Tambayarki na yi."

"Na jitar Lawal ne."

Mahaifin nata, Malam Sagiru, ya shekara arba'in yana naɗin kwayil ɗin fanka da injin ruwa a Ƙofar 'Yandaka, shi ya koya mata aikin. Sau biyu iyayen Lawal suna zuwa neman aurenta, sau biyu yana sallamarsu da magana ɗaya: ba ya ba makaɗi ɗiyarsa.

Abba mai sayar da wayoyi a shagon kusa yana jingine da ƙyaure yana sakace. Bara ya neme ta, ta ƙi. Ba sai an gaya mata wanda ya kai tsegumin ba.

"Mi yake yi da shi?" in ji tsohon.

"Ƙarƙashin tsirkiya ake ɗaura shi, shi ke ɗaukar sauti ya kai sifika. Jitar tasa tsirkiya bakwai gare ta. Ta bakwai ɗin mai kauri ce, amma wanda ke jikin jitar yanzu ba ya fito da nauyinta."

Ta jira ya jefar da shi kwata. Sai ta ga ya kai shi kusa da ido, ya danna da farce.

"Naɗi nawa?"

"Dubu bakwai."

"Ya yi kaɗan. Kuma ba ki tsoma shi a kakin zuma ba. Wannan zai fita daga shagona a ce aikin Sagiru ne?"

Ya ɗauki reza ya yanke naɗin gaba ɗaya.

Da ta koma gida ta kira Lawal tana kuka.

"Ya yanke, Lawal... Komai ya ƙare."

"Share hawayenki, Fiddo tawa. Ya jefar?"

"A'a. Yana can yana naɗawa da kansa."

"To wanda ya ƙi abu ba ya zama yi masa naɗi."

Kwana uku tsohon bai taɓa fankar kowa ba. Ya naɗa dubu tara, ya narka kakin zuma a gwangwani ya tsoma. Fiddausi ta ce a hankali, "Baba, tara ba ta yi yawa ba?" Kallo ɗaya ya yi mata, ta ja bakinta.

Dokar shagon kuwa ɗaya ce tun kafin a haife ta: ba a fita da aiki sai mai shi ya gwada a gabansa.

Bayan la'asar Lawal ya zo da jita da sifika. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya? Ya aiki?"

"Haɗa."

Lawal ya kwance tsohon maganaɗisun daga jitar, ya liƙa sabon da dalma. Da ya gama ya tsince guntayen waya daga tebur ya zuba a gwangwanin da ake tarawa. Fiddausi ta ga mahaifinta ya lura.

Lawal ya taɓa tsirkiya ta bakwai.

Sautin ya fito da kauri kamar gangar noma, har kusoshin da ke cikin faranti suka yi tsalle. Wani ɗan acaɓa ya tsaya a bakin titi. Malam Sagiru ya ɗora tafinsa a tebur yana jin girgizar.

"Ya yi?"

Fiddausi ta roƙi Lawal da ido ya ce ya yi.

Lawal ya bi sauran tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Baba, masu kaurin sun yi fiye da yadda nake so. Amma siraran sun dushe. Naɗin ya ɗan yi yawa."

Abba ya sheƙe da dariya. "Kun ji mai neman aure! Ya zo koya wa Malam aiki."

Tunda Fiddausi take ba ta taɓa jin wanda ya kushe aikin mahaifinta a gabansa ba.

"Sake bugawa," in ji tsohon.

Lawal ya buga siririyar. Malam Sagiru ya rufe ido.

"Ta dushe," ya ce.

Ya juya wajen ƙofa. "Kai Abba, shagonka ba kowa."

Abba ya tafi yana jan ƙafa.

"Kai kuma Lawal, ka san amsar da nake so in ji. Mi ya hana ka faɗa?"

"Aikinka ka tambaye ni, Baba. Ba zan yi maka ƙarya a kansa ba."

Tsohon ya kamo hannunsa na hagu, ya juya, ya shafa kantar da tsirkiya ta yi wa kan yatsun. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sake shi.

"Fiddausi, nawa kika ce?"

"Bakwai, Baba."

"Takwas. Ke za ki naɗa."

Lawal ya fara tattara kayansa. Yana bakin ƙofa muryar tsohon ta tsayar da shi.

"Ka ce wa iyayenka su dawo ranar Juma'a."

Fiddausi ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Malam Sagiru ya riga ya jawo wata fanka gabansa.

"Ban da jitar," ya ce.