Ottilie Ta Hana a Kashe Minna

An ɗaura auren Ottilie Brandt da Lemuel Gaskin ranar Asabar a ofishin hukumar birnin Chicago. Uban amarya bai je ba.

Rigimar ta faro ne a bazarar 1899, kan wani littafi da ba a ma buga ba. Lemuel ɗan jarida ne. Ya rubuta labarin wata Minna, ma'aikaciyar mayanka, wadda yunwa ta sa ta zauna da namiji ba aure. Bai yi mata ado ba, bai tsine mata ba. A babin ƙarshe tana nan da ranta.

A al'adar masu buga littattafai, mace irin wannan mutuwa take yi a ƙarshe, ko a kogi ko da tarin fuka.

Cordelia, 'yar mai kamfanin da aka kai wa littafin, ta daɗe tana son Lemuel. Ita ta je shagon naman tsoho Brandt, uban Ottilie, ta ce masa duk unguwa za ta ɗauka Minna 'yarsa ce, tunda Ottilie ma ta yi aiki a mayanka.

Brandt ya kira Lemuel da Ottilie shago.

"Kai mai alƙalami," ya ce, "ka kashe Minna a littafin in ba ka 'yata. In ka bar ta da rai, ka nemi wata."

"Baba, takarda ce fa," in ji Ottilie.

"Takardar da za a yi gulmarta a ƙofar coci!"

Lemuel ya sunkuyar da kai. "Zan gyara, Baba. Shafi biyu ne kawai. Sanyi zai kama ta..."

"Sanyi?" Ottilie ta juyo kansa. "Wadda ta yi shekaru tsaye cikin ruwan gishiri ba ta mutu ba, sai sanyinka?"

"Masoyiyata, ke nake so, ba ita ba."

"Ni na ba ka labarin matan nan, Lemuel! Kullum da safe suna wucewa ta ƙofar nan zuwa aiki. Wacece ta mutu?"

"Ke, rufe mini baki!" in ji Brandt.

"Ba zan rufe ba, Baba."

Ta zare zoben alkawarin aurensu ta ajiye kan katakon saran nama.

"Ka kashe ta, ka auri Cordelia. Ita ta iya kukan gawa."

Lemuel ya daɗe yana kallon zoben. Ya ɗauka, ya goge maiƙon da hannun rigarsa, ya mayar mata a yatsa.

"Minna ba za ta mutu ba, Baba. Ka yi haƙuri."

Brandt ya kafa wuƙarsa a katako.

"To ku fita, ku ukun, har da Minnar taku."

Washegari kamfanin uban Cordelia ya maido da littafin. Yanzu yana hannun wani kamfani a New York, babin ƙarshe yadda yake. Har zuwa jiya ba su amsa ba.