Sanƙirar da Ba Ta San Baƙo Ba

Na'urar ba ta fi ƙwayar riɗi girma ba, amma a allon bangon asibitin Tudun Haske ta cika rabin ɗaki. Dakta Tasalla ta tsaya tana kallonta tana aiki a hammatar 'yarta Zulai, daidai inda kaluluwa kan fito. Sanƙira, wato mai shela, ta sa mata suna, kuma ita ta ƙera ta da hannunta.

A cikin jiki akwai ƙwayoyin kariya da ake kira T mataimaka. Suna tasowa ne ba su da sana'a, sai wasu ƙwayoyin, masu gabatarwa, sun kawo musu ɓurɓushin abin da ya shigo jiki. Yadda aka gabatar da shi kuwa shi ke yanke abin da za su zama: wannan mayaƙin cuta, wancan mai korar tsutsar ciki, wani kuma mai sulhu. Tasalla ta ga masu gabatarwar nan sun cika nawa, sai ta yi Sanƙira, wadda ba ta jira, ba ta shawara. Tun da aka dasa wa kowa ita, ko mura an manta da ita a birnin. Tasalla kuma, gaskiya, kanta ya ɗan kumbura.

Sai dai Zulai ta yi ɓari, ta sake yi. Yanzu ga wani cikin.

"Inna, me kika gani?" in ji Zulai daga kan gado.

Tasalla ta ƙara matsawa kusa da allon. Rabin jaririn na ubansa ne, don haka baƙo ne a jikin uwarsa, Sanƙira kuwa ta ɗauki ɓurɓushinsa tana shelar maƙiyi. Mayaƙa sai taruwa suke yi.

Can gefe, wata mai gabatarwa ta asali, irin waɗanda Tasalla ta raina, ta miƙa dogayen hannayenta ta riƙe wata ƙwayar T. Ɓurɓushi ɗaya ne, amma ita a hankali ta nuna shi, kamar mai shigo da baƙo zaure. Ƙwayar ta zama mai sulhu, ta juya ta tare mayaƙan. Ita kaɗai, baiwar Allah, tana ta fama.

"Ikon Allah," Tasalla ta faɗa a hankali. Kunya ta kama ta, sha'awa kuma ta fi kunyar yawa. "Na koya wa tawa gane maƙiyi, ban koya mata gane baƙo ba. Ɗaga hannunki, 'yar nan."

Ta cire mata Sanƙirar.

Bayan 'yan makonni Zulai ta shigo da ciki ya fito, hanci na yoyo, ta yi wata atishawa da ta sa ma'aikata suka firgita. Tasalla ta rungume ta tana dariya har da hawaye. Sannan ta dubi birnin ta taga, kowa lafiya lau, kowa da Sanƙira a hammata, ta yi ta ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da aka gayyace ta suna.