Gilashin Da Ke Wuyana

"Ya tattara kayansa kafin la'asar!"

Muryar Abba ce, a tsakiyar ɗakin bincike, a gaban kowa. Shi ne shugaban sashen, ni kuma 'yarsa ce kuma ɗalibarsa, wahala biyu ke nan.

Wanda ake kora kuwa Maƙeri ne, mai narka mana gilashi, wanda nake so tun bara ban gaya wa kowa ba.

Aikinmu shi ne mu harba siririn haske cikin gilashi, mu karanta yadda ƙwayoyin cikinsa ke rawa. Wata shida muna jiran wannan gilashin, sai ga zanen da na'ura ta fitar a karkace.

"Haɗin da Maƙeri ya narka ne ya ɓata, Farfesa," in ji Dakta, mataimakin Abba, wanda sau biyu yana zuwa zance ina ƙin fitowa.

Maƙeri ya dube ni, ya girgiza kai a hankali, wai in yi shiru.

Ina! Na sa hannu cikin mayafi na ciro abin wuyana na gilashi.

"Abba... a auna wannan."

"Mene ne shi?"

"Narki ɗaya ne da wancan. Ragowar ce ya sanyaya a ƙaramar tandarsa, ya... ya ba ni."

Kallon da Abba ya yi min, wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da hannunsa ya ɗora shi a na'ura, aka rage fitilu. Ɗan koren haske ya ratsa kyautata.

"Matsa daga teburin nan, Auta! Rawar jikinki za ta ɓata awon."

Minti arba'in muna jiran na'ura. Na ƙare duk addu'ar da na iya, na koma farko. Idan wannan ma ya karkace fa? Na tona kaina, kuma na rasa shi...

Zanen ya fito sumul, tudunsa daidai inda lissafi ya ce.

"Haɗi lafiya lau," Abba ya faɗa a hankali. "Wancan, sanyi ya buge shi da wuri. Wani ya buɗe babbar tandar da yake sanyi a ciki kafin lokaci. Dakta, makullinta ba a wurinka yake ba?"

Dakta ya fara in-ina, gumi na karyo masa. Ramin mugunta dai a gina shi gajere!

Abba ya juya gun Maƙeri. "Kwana nawa ka yi kana sanyaya ɗan abin nan?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Kwana uku? Don abin wuya?"

"Ba na so ya taɓa tsagewa a jikinta."

Hawaye suka zubo min.

Abba ya daɗe yana juya gilashin a tafinsa. Sannan ya miƙa wa Maƙeri, ba ni ba.

"Ba ta bayan gida ake ba 'yata kyauta ba. Riƙe abinka... ka ba iyayenka su kawo min."