Gwiwar Wandon Mubina

"Da hankalinki kika shiga kanti kika sayo tsumma?"

"Yumma, moda ce, shi ake yayi. Haka ake sayar da shi."

"Modar gidan wa? Mahaukacin tashar garinmu ma gwiwa ɗaya yake bari a waje, ke har biyu."

Zali ce da 'yarta Mubina, a ɗakinsu mai rufin kwano da ke can saman wani bene a unguwar Ka'akiyya. Zali tela ce. Tun da ta zo aikin Hajji daga Damagaram ta ƙi komawa, faci ne yake ciyar da ita, kuma a ganinta duk Makka babu mai taka keke kamarta. Mubina kuwa a nan aka haife ta, Hausarta rabi ce, sauran Larabci da murguɗa baki. Ranar ta dawo ne daga unguwar Jarwal, inda ita da ƙawayenta suka hau kangon tsofaffin gidajen da aka rushe suna ɗaukar hoto, ta cire abaya, sai ga wandon jins yage a gwiwoyi.

Zali ta jira ta shiga wanka, ta ɗauko wandon da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu. Ta san sarai ba a ɗinki da magariba, ita da kanta take hana maƙwabta, amma fushi ya sa ko bisimilla ba ta yi ba. Ta shimfiɗa ƙyalle ta ciki, ta zaɓi zare mai launin wandon, ta yi ta taka keke gaba da baya, layi kan layi, har hujin kowace gwiwa ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. Tana yanke zaren ƙarshe, ladanai suka ɗauki kiran salla, unguwa ta yi tsit, sai dutse ya faɗo kan kwano.

Ba babba ba ne. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Zali ta leƙa, babu kowa a saman benen sai tankin ruwa da igiyar shanya.

Washegari da magariba duwatsun suka ƙaru, jibi suka zo kamar ƙanƙara. Keken ya fara motsi shi kaɗai, allura tana sauka tana hawa a kan babu komai. Mubina, wadda ta yi rantsuwar ba za ta ƙara kallon wandon ba, aka wayi gari tana sanye da shi, ta ƙi cirewa, tana zaune a kusurwa tana sosa gwiwar hagu, idonta a kan bango.

Zali ba aljanin take tsoro ba sosai. Abu Rakan, mai gidan, shi ne ya hau bene yana haki, ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci da gefen rawaninsa kamar talauci yana wari.

"Ya Hajja, maƙwabta sun gaji. Dutse ɗaya gobe, zan kira askarawa su zo su duba."

Askarawa idan sun zo duba dutse, igama suke fara tambaya, takardar zama. Zali ba ta da ita, Mubina ba ta da ita, kuma ƙasar da za a kwashe su a kai su yarinyar ba ta taɓa ganinta ba.

Don haka kafin magaribar gobe ta je unguwar Misfala ta ɗauko Malam Labaran, wani siririn tsoho mai sayar da carbi da rana. Ya zauna gaban Mubina, ya ɗora hannu a kanta ta saman mayafi, ya fara karatu ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa jariri waƙa. Hasken taga ya koma ja, sannan toka. A ƙasa, an ji takun silifas ɗin Abu Rakan ya zo gindin matakala ya tsaya.

Mubina ta ɗaga kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya, da Sakkwatancin da yarinyar ba ta taɓa ji ba balle ta iya.

"Ɗaga murya mana, Malam. Ko kai ma ba ka da takarda?"

Malam ya ci gaba da raɗa.

"Wace ce ke?"

"Wadda ta girmi kakarka. Ƙasa nit taka niz zo garin ga, da ayarin alhazai, ba kamar ku ba da kuka zo zaune cikin jirgi kuna amai. Jarwal nike zaune cikin bango, lahiya lau, suka zo da ƙarhe suka rushe."

"To me ya kai ki jikin 'yar mutane?"

"Wa as shiga jikinta? Mi ag ga jikinta? Rana ta dame ni bisa kango, nig ga ƙohwa buɗe ga gwiwa, nish shiga in ɗan huta. Kahin in hito, wagga mai hannu kamar na maƙeri ta zo ta garƙame."

Zali ta zaburo. "Hannun wa?"

"Naki. Ɗumki ne wanga ko shingen awaki? Na nemi wurin da zan zura ko yatsa, babu. Wa ac ce ki yi gyaran abin da ba a ce miki ya ɓaci ba?"

Ko a cikin tsoron, sai da Zali ta ji ɗan daɗi, domin ta gane yabo a cikin zagin.

Malam ya ce, "Za ki fita, ki koma ƙasarku, ko in ƙona ki da ayar Allah."

"In koma in ce musu mi? Cewa niy yi ina dawowa bayan girbi." Tsohuwar ta yi tsaki mai tsawo. "Kai ka hwara komawa, in biyo ka."

A saman kwano wani abu mai nauyi ya fara mirginawa a hankali, kamar ana gwada inda za a sake shi.

Malam ya ce, "Faɗi abin da kike so."

"A buɗe min inda nish shiga. Kuma hannun da ya ruhe shi za ya buɗe."

Zali ta dubi facin gwiwar hagu. A duk zamanta na tela ba ta taɓa warware ɗinkinta ba, wanda bai gamsu ba ya kwashi kayansa ya yi gaba. Silifas ɗin ya hau matakala ɗaya, ya ƙara ɗaya.

Ta ɗauki reza, ta durƙusa gaban 'yar da ta haifa, ta ce bisimilla a wannan karon, ta fara tsinke zaren. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa ya ƙi fita. Tana tsinkewa tana gumi, tsohuwar tana cewa, "A hankali, kar ki yanke ni." Da ƙyallen ya faɗo, gwiwar ta leƙo, wata iska mai sanyi ta bi ta tsakanin yatsun Zali ta fita ta taga. Abin da ke kan kwano ya daina motsi. Mubina ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta.

Suka jira har aka idar da salla a masallacin unguwa. Dutse bai faɗo ba. Can sai silifas ɗin ya juya, ya sauka, aka ji ƙofar ƙasa ta rufe.

Zali ta share fuska da gefen zani, ta dubi hujin da ya fi na da girma, zare yana reto a gefensa.

"Malam, tunda ta tafi, yanzu sai in mayar da facina ko?"

Malam ya buɗe baki, amma Mubina ta riga shi, da muryarta ta kullum, ido a lumshe.

"La, Yumma, ki bar shi. Ta manta takalminta a ciki."