Jar Tawada a Gefen Shafi

Wai fa dariya ce ta fara haɗa Umaima da Sharhabil. A wata makarantar koyon kwamfuta ce a Kawo, ajin da ake koyar da CSS, wato dabarar yi wa shafin intanet kwalliya. Yadda aka yi mini bayani, kamar jeren ɗakin amarya ne: kaya suna nan, ke ce za ki ce wa kowanne ga inda zai zauna, ga launin da zai sa.

Ranar nan Sharhabil ya so canja launin kanun shafinsa kawai, sai ga shafi gaba ɗaya ya rikiɗe ya koma ruwan hoda. Umaima da ke kujerar kusa ta leƙo, ta toshe baki da gefen hijabi.

"Malam, biki za a yi ne?"

"In kin amince," ya ce, bai ma san ya faɗa ba.

Kunya ta kama su duka biyun. Ta nuna masa da bakin biro cewa duk shafin ya ba wa umarni, ba kanun kaɗai ba. Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Malamata, na iso gida Katabu lafiya. Shafi ya gyaru, mai shafin ne bai gyaru ba."

Ta mayar masa: "Ɗalibina, wannan gyaran ba a aji ake yin sa ba. Sai ka zo gidanmu a Kinkinau."

Ai kuwa ya zo! Sai dai mahaifinta, Malam Idris, mai ba da karatu a zaure, da ya ji sana'ar yaro sai ya girgiza kai.

"Shafa wa gilashi launi? Umaima, ba zan yi miki dole ba, amma ba na ba da 'ya ga wanda ban ga amfanin hannunsa ba."

Ga kuma Abdulƙadir, mai shagon yadi a Babbar Kasuwa, ɗalibin Malam ne, shi ma ya daɗe da shigar da maganarsa.

Umaima ce ta samo dabara. Akwai littafin fiƙihu da kakanta marigayi ya rubuta da hannunsa, takardun har sun fara marmashewa. Maganar kakan tana tsakiya da baƙar tawada, a gefe kuma hashiya, wato ƙarin bayanin da Malam Idris ya yi, da jar tawada. Ɗalibai na nesa sun daɗe suna roƙon kwafi.

"Ni zan buga shi," ta ce wa Sharhabil a waya cikin murna, "kai kuma ka tsara. Baba ya ga littafin babansa a intanet, ai shi ke nan!"

Mako uku suna aiki. A kwamfutar Sharhabil abin gwanin sha'awa, maganar kaka a tsakiya, hashiya a gefe. Amma ya yi kuskure biyu. A aji an ce musu ja yana gajiyar da ido, sai ya mayar da komai baƙi. Sannan ɗoki bai bar shi ya gwada shafin a waya ba, ko Umaima bai jira ta gani ba, ya aika wa ɗaliban Malam.

Abdulƙadir ne ya fara buɗewa. Bayan sallar la'asar ya miƙa wa Malam wayarsa.

"Allah gafarta Malam, ga aikin surukin da ake so a yi mana."

To fuskar waya ba ta da faɗi, hashiya ba ta sami gefen zama ba, sai ta zubo cikin maganar kaka, duk baƙi, kamar mutum ɗaya ne ke magana. Inda marigayin ya yanke hukunci, Malam kuma ya rubuta a gefe cewa "a nan ina ganin akwai gyara", sai ya zama kamar tsohon ne ke ƙaryata kansa.

Malam ya ajiye wayar a hankali. "Ya sa wa mahaifina magana a baki. A gaya masa kada ya ƙara zuwa."

Kwana biyu Umaima ba ta amsa saƙon Sharhabil ba. Shi ya ɗauka ta haƙura da shi, ita kuwa kuka ne ya hana ta. Ran na uku ta rubuta:

"Ɗalibina, jan nan ba ado ba ne, ladabi ne. Baba yana rubutu da ja ne don kowa ya san ɗa ne ke magana, ba uba ba. Ban fasa ba. Kai fa?"

"Malamata, in na fasa ina za ni? Koya mini."

Nan fa aiki ya dawo sabo. Tana ɗaukar hoton takardun tana tura masa, yana gyarawa yana turo mata. Ya mayar da jan. Ya rubuta ƙa'ida ta musamman: idan fuska ta yi ƙanƙanta, hashiya ta sauko ƙasa, ta ɗan matsa ciki, rubutunta ya fi na kaka ƙanƙanta, da siririn layi a gefenta. Ya gwada a wayarsa, ya gwada a ta mahaifiyarsa, har ta mai shayin bakin titi bai bari ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tsaya ƙofar zaure ya yi sallama, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, an hana ni zuwa, na sani. Laifina na zo gyarawa. A duba a wayar Malam, ba tawa ba."

Wayar Malam tsohuwa ce, gilashinta da tsaga. Ya gyara tabarau ya karanta. Ya kwantar da ita, hashiya ta koma gefe. Ya miƙar da ita, ta sauko ƙasa, ja jawur. Ya sake juyawa, ya sake, har ɗalibai suka fara murmushi. Umaima kuwa tana bayan labule, ta damƙe hannun mahaifiyarta.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Ko wuri ya yi ƙunci, ɗan ya san ya zauna ƙasa da ubansa." Ya ɗago ya dubi Sharhabil. "Kai, ka ce wa manyanka ina jiran su."

Guɗar da ta tashi a cikin gida, wallahi har maƙwabta sai da suka leƙo! Abdulƙadir ma, ɗan halak, daga baya shi ya kawo yadin ango, ya ce a yafi juna.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Katin gayyatar ma shafin intanet ne, su biyun suka tsara, kuma ruwan hoda ne tun daga sama har ƙasa. Wannan karon da gangan.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa 'ya'yansu su san inda ake ajiye jar tawada.